Layin da Na Goge a Fostar Umma

Ku da kuke ta turo min saƙon taya murna tun ranar da aka faɗi sakamakon zaɓe, na gani, na gode, Allah Ya bar zumunci. Wata ma har cewa ta yi, "Auta, yanzu kin zama 'yar manya, sai ki daina rubuto mana labarin kuka." Baiwar Allah, ki ƙara haƙuri da ni, yau ma kukan na kawo.

Wanda yau ya fara shigowa, bari in gajarce masa. Ummata ta yi shekara ashirin da shida tana koyarwa a firamaren unguwarmu, rabin masu gemun layinmu ita ta koya musu riƙe fensir. Sati uku da suka wuce ta ci zaɓen kansila. Tun da aka kafa majalisar garin nan mace ba ta taɓa hawa wannan kujera ba, kuma ba a taɓa zaɓen kowa ba daga cikinmu, mu da ake kira 'yan zuwa. Kakanninmu ne suka zo neman aiki suka zauna. A nan aka haifi Umma, a nan aka haife ni, ban san hanyar wani gari ba. Amma fatarmu ta fi ta 'yan gari duhu, kuma wannan kaɗai ya isa a tambaye ka "ku asalinku daga ina?" a asibiti, a banki, har a wurin gaisuwar mutuwa.

Ni a shagon ɗab'i nake aiki, ni ke zama gaban kwamfuta ina tsara katin aure da kalanda da fosta. Sai kuma saurayina, Mai Kemis, wanda na ajiye lambarsa a wayata da sunan "Maganin Ciwon Kai" shekara biyu ke nan, har yau ban canza ba. Shi ɗan gari ne gaba da baya. Babansa ne ya riƙe kujerar nan shekara goma sha biyu kafin ciwon ƙafa ya zaunar da shi, kuma ɗan ƙanin baban ne ya tsaya a wannan karon Umma ta kayar da shi. Kun fara hango inda muka dosa ko?

Ranar Litinin da la'asar na dawo daga aiki na tarar da takalmin Baffa a ƙofar falo. Baffa yayan marigayi Abbana ne, tsohon tela, shi ne shugaban ƙungiyar mutanenmu, kuma tun rasuwar Abba duk wanda zai nemi aurena gabansa zai durƙusa. Yana zaune a kujerar da ba a yarda mu zauna a kai ba, fankar sama tana ta ƙyaƙ-ƙyaƙ ɗinta, katan-katan na lemon da 'yan taya murna suka kawo sun cinye rabin falon. Umma na ƙasa a kan kafet, ta miƙe ƙafa, tabarau a ƙarshen hanci, tana duba tulin takardun koke da aka fara kawo mata tun kafin a rantsar da ita.

"Yauwa, ga mai kwamfuta. Auta, zo nan."

Na durƙusa na gaishe shi. Ya ciro takarda daga aljihun gaba, ya warware ta a hankali ya miƙo min. Taron taya murna za a yi ranar Asabar a babban ɗakin taro, kuma yana son fosta mai tsawon mita shida a bayan teburin manya. Hoton Umma a tsakiya, a ƙasa layi biyu da ya rubuta da manyan baƙaƙe: MUNA TAYA MALAMA MURNA. MACE TA FARKO, 'YAR ZUWA TA FARKO.

Umma ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Yaya, da an tsaya a layin farko kawai."

"Saboda me?"

"Ni fa kwatar bayan kasuwa ce ta fito da ni, wadda ke cika wa mutane ɗakuna duk damina. 'Yan jarida huɗu suka zo gidan nan, babu wanda ya tambaye ni kwata. Kowa sai 'yaya kike ji a matsayinki na ta farko?' Yaya kuwa zan ji? Bayana ke ciwo."

Na yi dariya, Baffa bai yi ba. Ya cire hula ya ɗora a gwiwa, alamar magana za ta yi tsawo.

"Malama, kwana uku mahaifinmu ya yi a layi a ofishin majalisar nan, yana neman takardar rumfa a kasuwa. Duk ya zo gaba sai akawu ya ce ya koma baya, 'yan gari tukuna. Ina riƙe da hannunsa, shekarata bakwai. Ranar ta uku ya ce min, kada ka gaya wa uwarka. Yanzu matar ɗansa za ta zauna a cikin ofishin, ki ce mu yi shiru kamar mun yi sata? Ba don ke nake yi ba. Don jikokina ne, su ɗaga kai su ga fuska irin tasu a sama."

Umma ta cire tabarau ta murza ido, sannan ta ce, "Yadda kuka gani, Yaya." Ni kuwa na ninke takardar na saka a jaka, har ƙwalla ta cika min ido. Wallahi a lokacin ina tare da Baffa ɗari bisa ɗari.

Washegari da hantsi wayata ta yi ƙara a kan tebur, Mai Kemis ne.

"Ranki ya daɗe 'yar kansila, ana ganinku kuwa?"

"Sai da takardar neman izini."

"To ga takardata. Ki biyo ta kemis da rana, akwai albishir."

Ƙarfe ɗaya na yafa mayafina ruwan zuma, wanda ya taɓa cewa yana yi min kyau, na tsallaka titi biyu zuwa wurinsa. Yana bayan kanta cikin farar rigar aiki, yana yi wa wata tsohuwa bayanin magani a karo na uku ba tare da ya ɗaga murya ba. Irin wannan haƙurin nasa ne ya kama ni tun farko. Da ta tafi ya jawo min kujerar roba kusa da firijin allurai.

"Baba ya yarda zai zo taron Asabar. Zai gaisa da Umma a gaban kowa, ya ce zaɓe ya wuce. Kuma sati mai zuwa shi da ƙannensa za su je wurin Baffa a kan maganarmu."

Jama'a, shekara guda muna jiran wannan kalma daga bakin tsohon nan. Na rufe fuska da mayafi don kada ya ga yadda bakina ya ƙi rufuwa. Sai na ji ya yi gyaran murya.

"Sai dai an kai masa labarin fostar."

"Wa ya kai masa?"

"Auta, garin nan ne fa. Ya ce shi ba zai zauna ƙarƙashin rubutun da ke nuna shekara sha biyu ya yi a kan kujerar da aka hana wasu ba."

"To ai an hana ɗin."

"Shi ya hana?"

Ya dafa kanta ya sunkuyo, ya rage murya.

"Kin san Umma na zaɓa, ban zaɓi ɗan'uwana ba, har yau akwai waɗanda ba sa amsa gaisuwata. Ban zaɓe ta don tana mace ba, ban zaɓe ta don asalinta ba. Ita ta koya min karatu, kuma ta fi shi sanin aiki. Rabin ƙuri'unta daga 'yan gari suka fito. In aka rataya wannan rubutun, kamar an ce musu nasarar ba tasu ba ce. Ni a ganina rage ta ma ake yi."

Abin haushin shi ne, yana magana ina jin gaskiya a ciki. Jiya Baffa ya yi magana na ji gaskiya, yau wannan ya yi na ji gaskiya. Ni wace irin mutum ce da kowa ya yi magana sai in gyaɗa kai?

Sai ya ƙara da cewa, yana murmushi, "Ni wallahi ban taɓa kallonki a matsayin 'yar zuwa ba."

Ya faɗe shi ne kamar wanda ya miƙo min kyauta. Na so in tambaye shi, in da ka kalle ni a hakan fa, da me zai faru? Amma kun san me na ce? "Na gode." Har yanzu in na tuna sai in ji kunyar kaina.

"Layi ɗaya ne kawai, Auta. Kuma a hannunki yake."

Ranar Laraba na kira Baffa daga bayan shago, inda ake tara guntayen leda. Na yi ta kewaye-kewaye, na tambayi jikinsa, na tambayi Gwaggo matarsa, na tambayi har akuyarsa. Ya ce, "Ke, faɗi abin da ya sa kika kira." Na faɗa.

Sai ya ce, "Yaron nan ina sonsa, yana da ladabi. Amma ki ji ni da kyau. In ba za su iya zama awa biyu a ƙarƙashin sunanmu ba, ta yaya za su zauna da ke shekara hamsin? 'Ya'yan da za ki haifa musu, su ma goge musu layin za a yi? In aka taɓa min rubutun nan, kada su wahalar da kansu zuwa gidana." Ya kashe waya.

Na je wa Umma da maganar tana guga a tsakar gida. Ta saurare ni har na gama, ta kife dutsen guga, ta ce, "Auta, ni yanzu kowa ya mai da ni tuta, kowa yana ja ta gefensa. In na ce a cire, na ci amanar dangin ubanki. In na ce a bari, na ɓata miki aure. Ki bar ni in ji da kwata." Ta ci gaba da gugarta.

Alhamis da safe sai ga Baffa a shagonmu da kansa, da sandarsa, wai ya zo ya ga aiki da idonsa. Oga mai shagon ya ba shi kujera ya ƙi zama, ya tsaya a kaina. Na buɗe hoton Umma, wanda aka ɗauka ranar sakamako, tana cikin atamfa kore da farin mayafi, tana dariya har ana ganin wushiryarta.

A nan sai na yi muku bayanin wani abu na sana'armu. Duk hoton da ya shigo shagon nan sai mun haska fuskar. Amarya, ango, mai neman kujera, har mamaci a kalandar tunawa. In ba ka yi ba, mai aiki zai dawo ya ce ka ɓata shi, ka mai da shi baƙi. Tun ina jin abin wani iri har hannuna ya saba, ina buɗe hoto yake tafiya wurin da kansa. Ranar ma ya tafi. Sai na ji sanda ta daki ƙafar tebur.

"Me za ki yi?"

"Gyarawa zan ɗan yi, Baffa."

"Ta lalace ne? Bar min ita yadda Allah Ya yi ta."

Na bar ta. Na jera rubutun, layi biyu cif, ya sa tabarau ya karanta harafi bayan harafi, ya ce, "Madalla. A buga." Na jefa aikin a foldar bugawa a gabansa, ya yi wa Oga sallama ya tafi.

Dokar foldar nan kuwa a shagonmu ba ta da wasa. Mai Inji, dattijon da ke kula da babban injin a ɗakin baya, ba ya karanta abin da ke jikin aiki, girma kawai yake dubawa. Tun wata rigima da aka taɓa yi, Oga ya yanke hukunci: abin da ke cikin folda a buga shi ba tambaya, abin da ba ya ciki ko uwar Oga ce ta zo kada a taɓa.

Baffa bai kai bakin titi ba saƙon Mai Kemis ya shigo.

"Yaya dai? Baba yana tambaya."

Na kalli saƙon har allon wayar ya mutu. Na kunna, na sake kallo.

"Auta?"

"Ina kan yi."

"Turo min samfur in nuna masa, hankalinsa ya kwanta."

Ga inda na yi abin da ya sa nake rubuta muku wannan. Na kwafi aikin, na goge layi na biyu, na ƙara wa na farko girma don ya cike gurbin. Sannan na kalli fuskar Umma, na tuna falon gidansu Mai Kemis da hotunan da ke jere a bangonsa. Wannan karon babu sanda a bayana. Na haska ta kaɗan. Na ƙara kaɗan. Na ce wa kaina ai aiki ne, kowa haka ake yi masa. Na ajiye, na tura masa.

"Kai! Allah Ya yi miki albarka, matata."

Karo na farko ke nan da ya kira ni haka, kuma a kan ƙarya ya kira ni. Dabarata ita ce, ta Baffa za a buga, ranar Asabar in ce wa Mai Kemis kuskure aka yi a ɗakin inji, aka buga tsohuwar. In tsohon ya riga ya shigo ya zauna, ai kunya ba za ta bar shi ya tashi ba. Na san dabarar banza ce, kada ku gaya min. Ba ni da wata ne. Oga ya ba ni hutun Juma'a don in taya Umma shiri, na kashe kwamfuta na fita ina jin kaina kamar marar lafiya.

Asabar ƙarfe goma muka isa ɗakin taron, saura awa guda a fara. Umma ta sa leshi ruwan toka mai ƙananan duwatsu a wuya, ta ɗaura ɗankwalinta irin na malaman makaranta, ba ado ba karkacewa. Ni na sa doguwar riga shuɗiya da takalmi mai tsini da ke cizon ɗan yatsana tun daga gida. A mota har ta riƙe hannuna ta ce, "Yau dai a yi a gama, Litinin mu fara aiki."

Muna shiga na ga ma'aikatan ɗakin suna jera fararen kujeru, wani na gwada lasifika. Baffa na tsaye a tsakiyar hanya, ya ba mu baya, ya dogara da sandarsa da hannu biyu, kansa a sama. Bai juyo ba da muka yi sallama. Na bi inda yake kallo.

Fosta biyu ne a bango.

Ɗaya a dama da teburin manya, ɗaya a hagu, kowace mita shida, an ɗaure su tsaf. Hannun nan nawa da ya saba, shi ya ajiye ta biyun a foldar bugawa, inda yake ajiye duk aikin da ya kammala. Na fita da gudu zuwa baranda na kira Mai Inji.

"Baba, fostar Umma, guda nawa ka buga?"

"Biyu na gani, biyu na buga, 'yata. Akwai matsala ne? Kalar ba ta fito ba?"

Kalar ta fito. Da na dawo ciki na ga yadda ta fito. A kan kwamfuta abin kaɗan ne, amma a mita shida, kafaɗa da kafaɗa, mata biyu ne daban suke dariya iri ɗaya. Ta dama Ummata ce. Ta hagu wata ce mai wushiryar Umma da mayafin Umma, wadda ba wanda zai taɓa tambayarta daga ina take.

Baffa ya juyo ya dube ni. Na jira faɗa, na jira ya ɗaga sanda, da ya fi min sauƙi. Sai kawai ya nemi kujera ya zauna.

Umma ta taka a hankali har gaban ta hagun. Ban ga ta kalli rubutun ba ko sau ɗaya. Ta miƙa hannunta ta ɗora bayansa a jikin ledar, daidai wuyan matar da ke hoton, ta tsaya tana kallon fatarta da ta hoton.

"Umma, kuskure ne, wallahi ba bugawa na yi niyya ba, samfur ne kawai na..."

"Samfur na wa?"

Wayata ta yi ƙara a hannuna, kuma don tsabar ruɗewa na duba.

"Mun taso, minti biyar mu iso. Baba ya sha babbar riga har da turare. Na nuna masa samfurin, ya ce Malama ta yi kyau ƙwarai a hoton."

Na ɗago ido ya cika da hawaye. A bakin ƙofa mutanenmu sun fara shigowa, mata da goyo, tsofaffi da jikoki, kowa ya shigo sai ya yi turus ya ɗaga kai. Shugaban ma'aikatan ɗakin ya matso da tsani a kafaɗa, ya dubi bangon, ya dubi fuskokinmu, ya gane akwai magana.

"Ranki ya daɗe, ko ɗaya za a sauke ne? Wacce za mu bari?"

Umma ta sauke hannunta daga jikin fostar, ta goge shi a gefen zaninta. Ba ta kalle ni ba.

"Ku tambayi 'yata," ta ce. "Ita ta san wacce take so ta zama uwarta."